Shin kunne yana bambance FLAC da MP3? Amsa ga mai shagon tura waƙa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya da tura waƙoƙi a wani ƙauye kusa da Gumel, ranar Alhamis kuma nakan ɗauki kwamfutata in ci kasuwar Maigatari. Wani ɗalibi da ya zo hutu daga Kano ya ce duk MP3 ɗin da nake tura wa mutane lalatattu ne, wai FLAC shi ne sauti na ainihi. Na sauko da waƙa biyu na FLAC ɗin, datata ta ƙare, kuma wallahi ban ji wani bambanci ba. Kunnena ne ke da matsala, ko zance ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kunnenka lafiyarsa ƙalau. Shi ma ɗalibin ba ƙarya ya yi ba, zancen ne ya tsinta a tsakiya. Haɗa sauti a situdiyo shi ne abincina, kuma wannan gardamar ko a tsakaninmu masu aikin ba ta ƙarewa. MP3 mai kyau, wanda aka cire kai tsaye daga uwar waƙa, wato asalin da aka fitar a situdiyo, aka kuma ba shi isasshen girma, mafi yawan mutane ba sa iya raba shi da FLAC ko a kan kayan sauti masu tsada. Sai dai yawancin MP3 ɗin da ke yawo a memorin mutanenmu ba irin wannan ba ne, kuma abin da ya lalata su daban yake da abin da ɗalibin ke zato.

Ma'aunin da ake gwada komai da shi shi ne faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982. A tsarinsa ana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kowane awo a rubuta shi da bit 16 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta), ɓangaren hagu daban na dama daban. In ka haɗa lissafin, kilobit 1,411 ke nan a sakan, wato minti ɗaya na waƙa yana cin MB 10 da 'yan kai. Fayil ɗin WAV da muke fitarwa a situdiyo haka yake, ɗanye. FLAC, wanda Josh Coalson ya fito da shi a 2001, yana ɗaukar ɗanyen nan ya matse shi ya koma wajen rabi, ba tare da ya zubar da ko bit ɗaya ba. Da ka kunna sai ya warware ya koma daidai yadda yake. ALAC na kamfanin Apple ma haka. In wani ya ce maka WAV ya fi FLAC daɗin ji, kada ka ɓata yawunka, abu ɗaya yake saurare.

MP3 kuwa dabararsa daban ce. Masu bincike a cibiyar Fraunhofer da ke garin Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su ne kan gaba wurin ƙirƙiro shi, aka buga ƙa'idarsa a 1993, lokacin da wurin ajiya ke da tsada, layukan sadarwa kuma ba su da sauri. Shi zubarwa yake yi. MP3 mai lamba 128, wato kilobit 128 a sakan, kusan kashi 1 cikin 11 na bayanan CD yake riƙewa, sauran ya tafi ke nan. Ka ɗauke shi kamar surfe: an fitar da dusa, gero ya ragu a mudu, amma mai cin tuwo ba zai ce an rage masa komai ba. In kuwa aka mayar da surfaffen gero turmi aka sake surfawa, aka kuma sakewa, to ƙwayar ce za ta fara karyewa tana bin dusa.

Hikimar tana wurin zaɓen abin da za a zubar. Kunnen ɗan Adam ba ya jin duk abin da ya shige shi. Ka tsaya a bakin injin niƙa yana aiki, wani ya yi maka magana a hankali: muryar tana nan a iska, na'ura za ta iya ɗaukarta, amma kai ba za ka ji ba, ƙarar injin ta danne ta. A cikin waƙa haka ke faruwa kowane sakan. Sauti mai ƙarfi yana danne raunanan da ke kusa da shi a kauri ko siranta, kuma bayan bugun ganga mai ƙarfi kunne yakan ɗan toshe na lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. MP3 yana lissafa waɗannan wuraren, ya yi rowar bit a inda ya san an danne, ya kashe su a inda kunne yake a farke. Sannan akwai can saman sauti, inda ya fi siranta. A littafi, mutum yana jin karkarwar iska daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan, amma wannan kunnen yaro ne. Da shekaru sun fara ja, saman ke fara tafiya. Manya da yawa ba sa jin abin da ya haura 15,000 ko 16,000, balle wanda ya daɗe a gindin janareto. MP3 mai 128 galibi a wajen 16,000 yake yankewa. Rediyon FM ma a 15,000 yake tsayawa, kuma ban taɓa jin wani a Gumel ko Ringim yana ƙorafin tashoshin Kano da Dutse sun rage masa waƙa ba.

Lambar nan da kake gani a bayanin fayil, 64, 128, 192, 256, 320, ita ce yawan kilobit ɗin da aka ba kowane sakan, kuma ta fi sunan fayil ɗin muhimmanci. A 2009 wasu masu bincike a Jami'ar McGill da ke Kanada sun zaunar da makaɗa da injiniyoyin sauti a ɗakin saurare na musamman, suna kunna musu CD da MP3 ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Daga 96 har zuwa 192, masu sauraren sun fi zaɓar CD. A 256 da 320 ba a ga wani fifikon da za a dogara da shi ba. Injiniyoyin sun fi makaɗan kama bambancin. Ka lura da yanayin: ɗaki shiru, sifikokin ƙwararru, kunnuwan da aikinsu ke nan, amma da aka kai 256 wasan ya tashi. Bayan MP3 an yi AAC a 1997 da Opus a 2012, waɗanda suka fi shi iya tattali, a lamba ɗaya sun fi shi tsabta. Su YouTube ke amfani da su, saƙon murya na WhatsApp ma Opus ne.

Ba zan ce maka 128 ba shi da aibu ba. Yana da shi, kuma in aka nuna maka sau ɗaya za ka riƙa kama shi. Sa iyafis mai waya mai ɗan kyau, cikin dare bayan an kashe janareto, ka nemi waƙa mai kalangu ko kotso da tafi. Rabu da muryar mawaƙin, ka bi bakin bugun. A fayil mai kyau bugun yana fita tsaf. A wanda ya sha matsa sai ka ji wani ɗan "shh" ya riga bugun fitowa, bakinsa ya dakushe. Dalili kuwa, MP3 gunduwa-gunduwa yake yanka sauti yana aiki a kan kowace, kuskuren da ya yi a kan bugun sai ya bazu cikin gunduwar duka, har da shirun da ke gabansa. Tafin 'yan amshi da caki su suka fi ba shi wahala, sai su yi ruwa-ruwa suna wani kaɗawa. Haruffan "s" da "sh" da "ts" a bakin mawaƙi sukan yi kaushi, jelar eko kuma ta gutsure kafin ta mutu da kanta. A 64 ko 96, ko ba a nuna maka ba za ka ji. A 128 sai ka kasa kunne. Daga 192 zuwa sama, ni da nake wannan aikin, a yawancin waƙoƙi canki-canka nake yi.

Yanzu dubi masu zuwa shagonka. Wannan ƙaramar waya ce mai madannai, wancan rediyo mai cin memori da yake ratayawa a amalanke in za shi gona, ga direban da ke bin hanyar Gumel zuwa Kano da gilashi a buɗe. Sifikar ƙaramar waya ba ta fitar da bes, kuma guda ɗaya ce, hagu da dama sun haɗe. Abin da ita ke zubarwa ya ninka abin da MP3 ya zubar sau da yawa. Mai sifikar Bluetooth kuwa, ko FLAC ya kunna, wayar sai ta sake matse shi da wani tsari, galibi SBC ko AAC, kafin ya tsallaka zuwa sifikar. Ƙananan rediyoyin nan da yawa ma ba sa karanta FLAC, gobe mutum zai dawo maka da memori ya ce ba ka tura komai ba.

Ga lissafin wuri. Waƙa mai minti 5 a 128 ba ta cika MB 5 ba, a 192 MB 7 da ɗan kai, a 320 MB 12, a FLAC galibi tsakanin MB 25 da 35. Memori mai GB 8 zai ɗauki waƙa wajen 1,600 a 128, wajen 1,000 a 192, a FLAC kuwa da ƙyar ya kai 300. Manomin da ya kawo memori yana son abin da zai raka shi har kaka, ka ba shi 300 maimakon 1,000 saboda bambancin da rediyonsa ba zai iya fitarwa ba, ai ka cuce shi.

Inda ɗalibin ke da gaskiya, ko da bai san dalilin ba, shi ne waƙoƙi da yawa da ke hannun masu turi sautinsu ya lalace ƙwarai. Bi sawun guda ɗaya ka gani. Mawaƙi ya gama a situdiyo a Kano, an fitar da WAV mai tsabta. An ɗora ta a kan bidiyo an sa a YouTube, YouTube ya matse ta. Matsa ta farko ke nan, kuma ba laifi, da daɗinta. Wani ya sa manhajar sauke bidiyo ya mayar da ita MP3, ta biyu. Wani mai shago ya buɗe ta a kwamfuta, ya liƙa muryarsa a farko yana tallar shagonsa da lambar waya, ya ƙara mata ƙarfi don ta fi ta maƙwabcinsa amo, ya sake fitarwa. Ta uku ke nan, kuma ƙarin ƙarfin ya sa ƙololuwar sautin ta wuce iyakar da fayil zai iya ɗauka ta baje, shi ne karcewar nan da kake ji a kan kowane bugun ganga. Wata ta yanko rabinta ta sa a sitatus, WhatsApp ya matse bidiyon, wani ya ciro sautin daga can. Kafin ta iso Maigatari ta sha matsa sau huɗu ko biyar, kuma kowace matsa tana ɗaukar kurakuran ta baya a matsayin waƙa, tana ɓata bit wurin adana su, tana ƙara nata a kai. Irin wannan fayil ko a ƙaramar waya ana jin lalacewarsa. Mafi muni shi ne wanda aka kara waya a bakin sifika aka ɗauka aka tura a matsayin saƙon murya, har da kukan akuya da sallamar mai wucewa.

Kwafa kuwa ba ta rage komai. Mutanenmu da yawa, musamman waɗanda suka yi zamanin kaset, sun ɗauka duk turawa tana cin sauti, domin a kaset haka abin yake: in ka naɗi kaset daga kaset, na biyun ya fi shuuu, na ukun ya fi na biyu. Fayil ba haka yake ba. Daga kwamfuta zuwa memori, daga waya zuwa waya ta Xender, ko tura fayil ɗin kansa ta Bluetooth, ko sau dubu aka yi, na ƙarshe daidai yake da na farko. A WhatsApp ma in ka tura a matsayin dokumen, yadda ka tura haka zai isa. Abin da ke ci shi ne juyawa daga wani tsari zuwa wani, ko buɗewa a gyara a sake fitarwa. In waƙa tana tsalle ko tana yankewa a tsakiya bayan ka tura, memorin za ka zarga. Jabun da aka rubuta wa GB 32 alhali cikinsu bai kai haka ba suna nan da yawa a kasuwa.

FLAC ɗin da ka ƙona data a kansu ma, mai yiwuwa ba na gaskiya ba ne. Kowa zai iya ɗaukar MP3 mai 128 ya juya shi ya koma 320 ko FLAC. Fayil ɗin zai kumbura, lambar ta yi kyau a ido, amma abin da aka zubar ba ya dawowa. Tunda kana da kwamfuta, nemi wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna Spek. Ka ja fayil ka jefa ciki, za ta zana maka hoton waƙar: daga hagu zuwa dama lokaci ne, daga ƙasa zuwa sama kuma daga kakkauran sauti zuwa siriri. In fayil ɗin daga situdiyo ya fito, za ka ga launi yana hawa yana dusashewa a hankali har wajen 20 kHz, wato 20,000 ɗin nan da muka ambata. In ka ga an yanke shi ƙat a layin 16, a miƙe, sama da nan baƙi wuluk, to tsohon 128 ne aka sa wa babbar riga, ko me aka rubuta a sunansa. Ka dai yi hattara da waƙoƙin da aka ciro daga kaset, su tun asali ba su da abin kirki a can sama, kuma nasu ba ya yankewa a miƙe haka.

In ɗalibin bai koma makaranta ba, ku raba gardama da gwaji. Ku samo FLAC ko WAV na gaskiya guda ɗaya, ku cire MP3 daga jikinsa da kanku, ɗaya a 128, ɗaya a 256. Wannan sharaɗin wajibi ne, domin in kun sauko da biyu daga shafuka daban-daban, mai yiwuwa haɗin ma ba ɗaya ba ne, sai ku yi ta jin bambancin da ba na matsa ba. Ƙarfin sautin ya zama daidai, don kunne yana da wata ɗabi'a: wanda ya ɗan fi ƙara, ko da kaɗan ne, shi yake cewa ya fi daɗi. Sannan mai sauraren kada ya san wanne ake kunna masa. Manhajar foobar2000 tana da wani ƙari mai suna ABX da ke yin wannan: za ta ba shi A da B, sannan X, ya faɗi X ɗin wanne ne a cikinsu. In babu ita, ya juya baya, kai ka riƙa jefa murfin kwalba kana zaɓar wanda za ka kunna, kana rubutawa. Ku yi sau 16. Mai canki-canka zai ci wajen 8, don haka sai ya ci 12 ko fiye za a fara yarda ji yake yi. A 128, in yana da iyafis mai kyau da kunnen ƙuruciya, zai iya ci. A 256 zan yi mamaki.

Wataƙila ya kawo maka zancen fayilolin da suka fi CD, masu bit 24 da awo 96,000 ko 192,000. A situdiyo muna son bit 24 don yana ba mu sarari wurin ɗauka da haɗawa. Wurin saurare kuwa, a 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa gwajin da suka yi a Amurka, inda aka riƙa sauko da irin wannan sautin zuwa matakin CD a ɓoye. Cikin gwaji 554 an faɗi daidai sau 276, rabi ke nan. Nazarin da Joshua Reiss ya yi a Landan a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya sami ɗan bambanci ƙanƙane, ya fi fitowa ga waɗanda aka horar. Ba abin da ya shafi shagonka a ciki.

Masu kiɗan biki su ne zan ce ka ware wa manyan fayiloli, 256 ko 320, daga tushe mai kyau. Manyan sifikoki masu tuwita, wato 'yar sifikar da ke fitar da siririn sauti, suna tona asirin fayil mai ruwa-ruwa, kuma dije yakan ƙara siririn sauti a mikisa, daidai inda aibun yake. Ko a nan ma, mafi yawan karcewar da ake ji a filin biki daga amfilifaya take, an murɗe ta har jar fitila ta tsaya cak, ga janareto yana ja da baya. FLAC ba ya maganin wannan. Ka riƙa kuma yi musu nasiha a kan kunnensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade desibel 80 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 40 a mako ga babba, in ƙara ta haura haka lokacin yana raguwa da sauri, gaban sifikar biki kuwa ya wuce nan nesa. Wanda ke kwana da "wiii" a kunne bayan kowane biki, jinsa ne ke tafiya.

Ga shagonka, waƙar da ka samu daga tushe mai kyau ka ajiye ta a 192. Wadda ka tarar a 128 ka bar ta yadda take, kada ka ɗaga kada ka sauke. Magana zalla, irin wa'azi da tafsiri, ba ta buƙatar abin da kiɗa ke buƙata. MP3 mai 64, hagu da dama a haɗe, ya wadatar, awa ɗaya MB 29. Tafsirin azumi na kwana 30, awa ɗaya kullum, bai cika GB 1 ba, alhali a WAV irin na CD zai ci wajen GB 19. Karatun Alƙur'ani na fi so a ba shi 128, don sin da sad da shin su fito a rarrabe.

Amfanin FLAC yana wurin ajiya. Duk abin da za a sake taɓawa nan gaba, a ajiye shi cikakke. Mawaƙi ko sha'irin da ya biya kuɗin situdiyo ya karɓi WAV ko FLAC ɗinsa ya adana, kada ya tafi da MP3 kaɗai da aka tura masa a waya. Ranar da zai yi bidiyo, ko zai ɗora a Audiomack ko Boomplay ko Spotify, daga uwar ya kamata a ɗauka, domin su ma za su matse da nasu tsarin. Na sha ganin mawaƙi ya dawo bayan shekaru yana neman waƙarsa, kwamfutar situdiyon ta mutu, abin da ya rage a duniya shi ne kwafin da ke da tallar wani shago a kai.

Akwai kuma aikin da nake ganin zai kawo maka kuɗi da lada. A gidaje da yawa a ƙasar Gumel da Haɗeja akwai kwalayen kaset na tsofaffin malamai da makaɗan fada, da na noma da na dambe, wasu ba su da kwafi a ko'ina, zafi da ƙura suna cinsu. In aka kawo maka, ka sami rediyo mai kaset da ke da ramin iyafis, ka goge kansa da auduga da ɗan sifirit, ka ja waya daga ramin zuwa kwamfuta. In ramin kwamfutar na makirfon ne kaɗai, ƙaramar na'urar shigar da sauti ta USB za ta fi tsabta. Ka ɗauka da manhajar Audacity, ita ma kyauta ce, ka sa ido kada ma'aunin ya taɓa ja. Kaset mai minti 60 a FLAC zai ci 'yan ɗaruruwan MB. Ka ajiye wannan ɗanyen yadda yake, da shuuu ɗinsa da komai, a wuri biyu daban, domin manhajojin cire hayaniya suna ƙara inganci, kuma daga ɗanyen za a so a sake gwadawa. Mai kaset ɗin kuma ka cire masa MP3 a 128 ko 192 ka sa masa a memorinsa.